Rasuwar Tukunyar Shinkafar Gidan Kayira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗakin girki mai cike da ƙauri har yau, ni Lameck Kayira, malamin kimiyya mai ritaya a Mzuzu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tukunyar lantarkinmu ta dafa shinkafa. Ta rasu ranar Laraba da rana tsaka, bayan jinyar da ba ta kai minti uku ba. Shekarunta goma sha shida a gidanmu.

Marigayiya haifaffiyar Japan ce. Ni na ɗauko ta a cinyata cikin jirgi, a tafiya ɗaya tilo da na taɓa yi waje, na kawo wa matata NyaMunthali tsaraba. Tun daga ranar ba ta taɓa ƙona shinkafa ba, ba ta taɓa caɓe ta ba. Ba ta da surutu. Za ta yi ɗan gunaguni, fut-fut-fut, in ta gama ta ce ƙwas, shi ke nan. Na zauna da shugabannin makaranta bakwai, ban ga wanda ya san lokacin yin shiru kamarta ba.

Lalura ɗaya gare ta. An yi ta ne don wutar ƙasarsu mai bolt ɗari, tamu kuwa ɗari biyu da talatin ce. Saboda haka duk rayuwarta tana tare da wani ɗan taransfoma mai nauyin tsiya da ke rage mata ƙarfin wuta.

Ga yadda ajali ya zo. NyaMunthali ta tafi Karonga duba mahaifiyarta. A tashar mota ta ce mini, "Baban Wongani, ga wake nan, ga garin tuwon nsima. Tukunyata dai kada ka taɓa." Ranar Litinin na ara wa Mista Simwaka, shugaban mawaƙan cocinmu, taransfoman don molon lantarkinsu. Ranar Laraba kwaɗayin shinkafa ya kama ni.

Ba da ka na yi ba, a shaida wannan. Sai da na ɗauki biro. A gindin marigayiya an rubuta wat ɗari biyar. Na raba ɗari biyar da ɗari biyu da talatin, na samu amfiya biyu da 'yan kai. Na ce ashe wutarmu ma sauƙi za ta yi mata, shekara goma sha shida muna wahalar banza. Filoginta ya ƙi shiga soket ɗinmu, wanda yanzu na gane roƙona take yi. Na yanke shi, na cusa wayoyin da tsinken ashana.

Ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba, ziiii. Ba ta ce ƙwas ba. Ta ce fus.

Maƙwabta da suka zo jaje na gaya musu kamfanin wuta ne ya kashe ta, kowa kuma ya yarda, har da masu zagi a madadina. Sai na kai gawar kasuwa wurin Tiwonge Harawa mai gyaran kayan wuta, wadda na koyar shekaru ashirin da suka wuce. Ta dubi wayar da aka yanke, ta dube ni, ta jawo kwali ta rubuta. Bolt ɗari, wat ɗari biyar: amfiya biyar. Ɗari a raba da biyar: tirjiyarta om ashirin, kuma wannan ba ya canzawa don an canza ƙasa. Ɗari biyu da talatin a raba da ashirin: amfiya goma sha ɗaya da rabi. A ninka da ɗari biyu da talatin: wat dubu biyu da ɗari shida da arba'in da biyar. Baiwar Allah ta ɗauki kayan mutum biyar da ɗoriya.

"Malam," in ji Tiwonge, "a kan wannan kuskuren fa kuka ba ni sifili a aji uku. Har kuka rubuta mini da jan biro wai in je in sayar da tumatir."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Kuma gaskiya ina kewar tukunyar.

Marigayiya ta bar murfi ɗaya, da cokalin roba, da kofin awo, da abokin zamanta taransfoma, wanda har yanzu yana coci yana raka waƙa, ba a gaya masa ba. Ta kuma bar uwar ɗakinta NyaMunthali, wadda ita ma ba a gaya mata ba. Jiya ta bugo waya tana murna. "Na samo shinkafar Kilombero sabuwar girbi, buhu guda. Ka wanke mini tukunyata, da ita zan fara."

Na ce to.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe a bayan gida, gindin fiya. An yafe furanni. Motar Karonga tana isowa ƙarfe biyu na wannan ranar, kuma na manna kwafin wannan sanarwa a ƙofar ɗakin girki, daidai tsayin idon NyaMunthali, don bakina ba zai iya ba. Ana roƙon masu ta'aziyya, musamman dattawan coci, kada su watse bayan binnewa. Su daure su zauna har ta gama karantawa.