Gugan da Maman Bulus Take Nufi

Ba zan taɓa mantawa da daminar da citta ta ruɓe a gonaki ba. Duk wanda yake Kafanchan a shekarar ya san abin da nake nufi. Mutum ya bar gonarsa kore shar, bayan sati ya koma ya tarar ganye ya yi rawaya, ya tona ƙasa ya ciro ruɓa mai wari. Daga Kwoi har Kagoma ba gidan da ba a yi tagumi ba. Ni ba manomin citta ba ne, dawa da masara nake aunarwa a kasuwa, amma a daminar ne tawa ruɓar ta fito fili. Sai dai tawa ba a ƙasa take ba, a kai take.

Na yi karatun allo, na iya ajami tun kafin in san boko, don haka a unguwa Malam ake ce mini. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne na ɗauki kaina mai gadin harshen Hausa, alhali ba wanda ya naɗa ni. In mutum ya yi magana a gabana, kafin in ji abin da yake nufi na riga na ji inda ya karkace.

Wadda ta fi shan gyarana ita ce maƙwabciyarmu Maman Bulus, mutuniyar Kwoi, Kirista, mai sayar da ƙosai da kunu a ƙofar gidanta. Katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha huɗu. Da Sallah mu aika mata nama, da Kirsimeti ta aiko mana shinkafa. Hausarta irin ta nan ce: mace ma “shi” ce, kuma ba ta jimla uku ba ta sa Turanci ba. Na taɓa tsare ta a gaban masu sayen ƙosai don ta ce za ta je yin “ayan”. Na ce mata Hausa ba ta yi talaucin da za ta ari wannan ba, guga ake cewa. Ta yi dariya ta ce ta gode, ta ƙaru. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

A farkon daminar 'yata Rakiya, da ke aure a Jere, ta kawo mana 'yarta Hafsatu yaye. Yarinya ce mai shekara biyu ba kaɗan, kumatu kamar an hura, ni kuwa Amarya nake ce mata yadda kakanni ke yi. Uwar ta miƙa ta ga Hajiya, matata, ta ce bayan wata ɗaya za ta dawo ta ɗauke ta. Amana ke nan, lafiyayya aka kawo, lafiyayya ya kamata a mayar.

Igiyar shanyarmu ta tsinke tun kafin azumi, kullum ina cewa gobe zan ɗaura. Hajiya kuma bayanta na ciwo, sai na ce ta riƙa wankewa ni ina shanyawa. Ina nake shanyawa? A ƙasa, bayan ɗaki, ƙarƙashin mangwaro, daidai inda yarinyar ke tsugunawa ta yi fitsari. Har da hikimata: wai inuwa ba ta kashe launin tufa. Damina ce, kayan ba sa bushewa sosai, haka muke sa mata su da ɗan sanyinsu. Rigata ta Juma'a kuwa wajen mai wanki da guga nake kai ta, ta dawo tana ƙyalli. Ta yarinya ce ban ga ta cancanci gawayi ba.

A sati na biyu ƙuraje suka fito mata a baya da cinya. Muka ce cizon sauro ne. Kwana uku suka kumbura suka yi ja kamar maruru, kowanne da ɗan baƙin rami a tsakiya yana tsatso ruwa. Yarinyar da ke bin kaji da gudu ta koma kwance, in an taɓa ta sai ƙara. Na rubuta addu'a a allo aka wanke aka ba ta, wannan kuma ban yi nadamarsa ba, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Abin da na yi nadama shi ne da Hajiya ta ce mu je asibiti na ce a dakata, maruru ne, in ya nuna zai fashe. Har na matse ɗaya da yatsuna, wai in taimaka masa. Washegari wurin ya zama kamar ƙwan kaza, zazzaɓi ya shiga.

Ranar nan Maman Bulus ta shigo ɗiban ruwa, don rijiyarmu ba ta ƙafewa. Ta ji kukan, ta leƙa, ta ɗaga rigar yarinyar ta duba. Ta fito ta same ni a zaure ta ce:

“Malam, ciwon yaron nan, maganar guga ne fa. Akwai abu a ciki. Ka bari in zo in cire masa.”

To, ga inda Shaiɗan ya sami ƙofa. Guga na rijiya da guga na tufa, a ajami ko a boko rubutunsu ɗaya ne, sai a baki suke rabuwa: ɗaya murya ta hau, ɗaya ta sauka. Ita kuwa da muryar yarensu ta faɗe shi, ya fito mini sak gugan rijiya. Nan take na tuna satin da ya wuce ta ari guganmu ya kwana a gidanta. Na tuna ranar da aka kawo yarinyar ta ce “kai, yaron nan ya yi kyau,” ba ta ce tubarkalla ba. Na tuna cittar mijinta ta ruɓe kaf, ni kuwa hatsi na tsada ina ciniki. Na haɗa ɗaya da ɗaya na sami goma sha ɗaya. Na ce mata mun gode, ta je abinta.

Da ta fita Hajiya ta kira ni wajen yarinyar, ta ce in duba ƙurjin da kyau. Na kawo ido kusa da ɗan ramin nan. Wallahi wani abu fari ya leƙo ya koma. Maimakon in ce to ga abin da maƙwabciya ta faɗa, sai na ce ga shaida. Wa ya san akwai abu a ciki in ba wanda ya sa shi ba?

Na ɗauki gugan, na robar taya ne mai kyau, na ƙona shi har igiyar. Na hana Hajiya magana da Maman Bulus. Abin da ya fi muni, na faɗa wa mutum biyu a bakin masallaci, wai a asirce. Ku da kuka san garin nan kun san irin wannan magana ba ta tsayawa tsakanin gida biyu. Kafin kwana biyu ƙosanta ya fara kwantai. Wasu samari suka jefa dutse a kwanon ɗakinta. Samarin ɓangarensu su ma suka fara tsayuwa a bakin layi suna kallon namu. Mun ga abin da ƙaramar magana ta taɓa jawowa a ƙasar nan, mun binne mutane, amma ni da furfurata na ɗauko ashana ina wasa da ita. Duk wannan kuma yarinya na kwance, sababbin ƙuraje na fitowa, don ban fasa shanya a ƙarƙashin mangwaro ba.

Mai unguwa ya ji, ya kira mu bayan la'asar. Mutane sun cika ƙofar gidansa, namu da nasu, har fastonsu ya zo. Na sa rigar Juma'ar nan mai ƙyalli. Aka ba ni magana, na yi bismilla, na kawo tarihin maƙwabtaka, na kawo haƙƙin maƙwabci (ni!), sannan na ce da bakinta ta gaya mini ciwon daga guga yake, kuma kowa ya san guganmu ya kwana a gidanta.

Maman Bulus tana zaune a kan benci, ta ɗaure kai da ɗankwali, idonta ya yi ja. Ta dube ni ta ce, “Malam, wane guga?”

Na ce na rijiya mana, guga nawa ne?

Ta miƙe tsaye. Ta roƙi mai unguwa a kawo yarinyar, ita kuma ta shiga gida ta fito da leda. Hajiya ta zo da Hafsatu a goye, jikinta zafi kamar garwashi. Maman Bulus ta kwantar da ita a cinyarta, ta lakato man basilin ta toshe bakin ƙurji ɗaya, ta ce a jira, abin da ke ciki numfashi yake ta ramin, in ya rasa iska zai fito da kansa. Yarinya na ta nishi. Can sai ga farin kai yana kutsowa cikin man. Ta sa yatsu biyu a gefe ta danna a hankali, tsutsa ta faɗo a kan ledar, fara, mai kauri, ta fi ƙwayar wake tsawo, tana murɗawa. Wata mata ta juya ta yi amai. Maman Bulus ta cire ta biyu, ta cire ta uku.

Ta yi bayani ba tare da ta dube ni ba. Wani ƙuda ne, in ji ta, yake yin ƙwai a ƙasa mai fitsari da jiƙaƙƙen tufa da aka shanya a inuwa. In an sa wa yaro, tsutsar ta huda fata ta zauna tana girma. A ƙauyensu kowace uwa ta san shi, har karnuka yana kamawa. Maganinsa a shanya a igiya cikin rana, a kuma bi kowane tsumma da wuta. Sai ta sa hannu a leda ta ciro dutsen guga na gawayi, ta ajiye a gabana.

“Wannan guga, Malam. Da ka bar ni da ayan ɗina, da ka gane. Kai ka ce in daina faɗa.”

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Mai unguwa ya tambaya wa ke shanya kayan yarinyar, a ina. Hajiya, Allah ya saka mata, ta yi shiru don ta rufa mini asiri. Shirun ya yi tsawo har na ji muryata tana cewa ni ne, a ƙasa, ƙarƙashin mangwaro. Na dubi rigata mai ƙyalli na ji kamar in tuɓe ta.

Daga nan asibiti muka wuce, Maman Bulus ce ma ta riƙe yarinyar a kan mashin. Sun cire sauran, goma sha ɗaya duka. Wanda na matse ya yi mugunya, tsutsar ta mutu a ciki ta ruɓe, sai da aka tsaga. Kwana biyar muka yi. Nas ta ce da mun ƙara jinkiri da dafin ya shiga jini. Ina riƙe da ƙafafun Hafsatu ana wanke ciwon, tana kiran Kaka, Kaka, wai in cece ta. Da Rakiya ta zo sai ta riƙa shafa tabon ɗaya bayan ɗaya tana hawaye. Har yau na cinyar yana nan kamar kwabo.

Kuna tsammani na je na ba maƙwabciyata haƙuri? Ban je ba. Na aika Hajiya da godiya. Na riƙa fita ta ƙofar baya. Kullum gobe, irin goben igiyar shanya. Cinikinta bai koma daidai ba, don mai ƙarya ya fi mai ƙaryatawa saurin ƙafa, akwai waɗanda suka ji zargin ba su ji ƙarshensa ba. Ga asarar citta. Bayan Kirsimeti suka kwashe suka koma Kwoi. Na tsaya a bayan labule ina kallon ana ɗora kaya.

Shekara biyu ina sallah da wannan a wuyana. Na san haƙƙin mutum Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe, ni nake karanta wa mutane haka. Bana, da Hafsatu ta zo hutu ta nuna mini tabon ta ce wai me ya cije ta, washegari na hau mashin zuwa Kwoi. Na sami Maman Bulus tana shanya a igiya. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa mace ba bayan mahaifiyata, na ce na zalunce ta, ta yafe mini.

Ta ce in tashi, Baba da girmansa. Ta ce ita tun ranar ta yafe, haka Ubangiji ya koya musu. Sannan ta ƙara da cewa, “Amma sunana yana can ƙasa inda ka jefar. Ba a Kwoi ka jefar ba.”

Ranar Juma'ar da ta biyo na roƙi mai unguwa ya tara mutane a ƙofar gidansa kamar wancan karon, bayan la'asar. Maman Bulus ta zo daga Kwoi, fasto ya zo. Na miƙe na faɗi abin da na yi tiryan-tiryan, ba hadisi, ba tarihi, na ce matar nan ba ta taɓa cutar da mu ba, ita ta ceci jikata, ni na yi mata ƙage. Ta miƙe ta ce shi ke nan, magana ya ƙare. Na ji “ya ƙare” ɗin nan sarai, harshena ya motsa don ya gyara, na cije shi.

Yanzu akwai igiya biyu a tsakar gidana, a rana. In jikoki sun zo ni ke hura gawayi, ni ke goge musu har ɗan kamfai. In kuma wani ya gaya mini magana da karkatacciyar Hausa, sai in ce masa maimaita, ɗan'uwa, kunnena ne ya karkace.