Gatarin Manzo da Sheƙar Shamuwa

Sheƙar shamuwa nawa ce a unguwarku bana? Ba ka ƙirga ba ko? Ni na ƙirga tamu a nan Tawa. Shekarar babban taron ƙasa goma sha bakwai ce. Bara sha ɗaya. Bana da darajar kuɗin sefa ta faɗi, kowa ya juya wa itacen gidansa gatari don makamashi, saura shida. Ta shidan tana kan bedi, wato itacen dogon yaro, na gidan Inna Azumi, a reshen da ya tsallake katanga ya leƙa titi, da ƙwai huɗu a ciki. Ranar Talata da hantsi ina gidan, sai ga jikanta Manzo, malamin lakwal, wato makarantar boko, da yajin aiki ya zaunar, ya shigo da gatari a kafaɗa.

"Lahiya lau munka kwana, mijin wahala," in ji Inna Azumi. "Gatarin hwa? Ko lakwal ta koma daji?"

"Tsohuwa, ashe kin kai yau? Jiya na ji kuka ta nan, na ce to, an huta."

"Kukan cikinka ka ji. Mi ka zo nema?"

"Reshen can. Akurki zan yi. In zuba zabi ashirin, kafin kaka sun zama ɗari."

"Kai da ba ka iya tsare yara arba'in cikin ɗaki mai ƙofa ba, zabo za ka tsare? Bar mini reshe, baƙuwata na kai."

"Baƙuwa? Ƙafa kamar taki, wuya kamar naki. Kullum na ajiye babur nan sai ta yi mishi fenti."

"Gode mata. Tun watan azumi ita kaɗai ta zuba wa babur ɗin nan wani abu."

Manzo ya jingina tsani da katanga. "Camfi ne, matar. Tsuntsu ba shi kawo ruwa. Mu da munka yi karatu mun sani."

"Shekara ashirin da biyu tana sauka gidan nan, ba ta taɓa latti ba. Ranar da na gan ta nika aika ƙauyenmu Kalfu a fiddo iri. Albashinka yaushe ya taɓa zuwa ranar da anka ce?"

"In na sare sai ta koma gidan maƙwabcinki Attahir."

"Attahir ya dafa tuwo da nashi itacen tun bara. Kuma ƙwan a baki za ta ɗauka, ko goyo za ka ara mata?"

"Ke dai kin ga ƴar'uwa. Ku biyu ba ku noma, ba ku girbi, sai tsayuwa da ƙafa ɗaya kuna kallon gidan mutane."

"Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi..."

"Babban da ke da idanu ake nufi. Ke shekaranjiya akuya kika gaida, kin ce mata ina gajiya."

"Ta amsa da ladabi, ta fi ka."

Ya tofa yawu a tafi, ya kama tsani. Inna Azumi ba ta ko tashi daga tabarma ba, ta ci gaba da tsince wakenta.

"Hau, angona. Amma in ka sare, ina zai faɗi?"

"Titi."

"Su wa ke zaune bakin titin?"

"Ƴan biro, shugabannin partinmu."

"Waɗanda ka rantse wa tun ranar da anka kafa parti kana ciki? Masu naɗa ka sakataren unguwa ran Juma'a?"

"Mi ya haɗa wanga da wancan?"

"Leƙa sheƙar."

Ya taka matakala bakwai, ya miƙa wuya. Shamuwa ta kalle shi, ya kalle ta. Ya sauko biyar, ya juyo wajen tsohuwar.

"Wa ya ba ta hulunana?"

"Kai ka cusa su ƙarƙashin gadona don kada a gani gidanka. Ɓera ya fara ci, na shanya kan katanga, ta zo ta ɗiba. Hula uku, launi uku, parti uku, cikin shekara uku. Ita dai ta haɗa su ɗaki guda ba faɗa, abin da ya gagari manyanku."

"Wannan sata ce."

"Kai ƙara biro. Ko ka sare reshen, shaida ta faɗo musu kan tabarma. Komi nisan jifa ƙasa zai dawo."

"Sai in cire su tukuna."

"Sa hannu. Ka ga bakinta? Kuma ƙwan kan hularka ta bara suke kwance. Fasa ɗaya ka gani in ba duk matan unguwa sun fito kallon wanda ya kori damina ba. Su zo su ƙirga huluna tare da ƴan biro."

Manzo ya sauko sauran biyun, ya zauna kan turmi, dariya ta ƙwace masa har gatarin ya zame ƙasa.

"Tsuntsun da ya ja ruwa..."

"Shi ruwa kan doka. Ashe an koya maka wani abu a lakwal."

Da dariyar ta lafa, sai ya yi ƙasa da murya. "Inna, zancen zabin da gaske nike. Jiya matata Fiddausi gari ta jiƙa wa yara, shi ma na ƙarshe."

Tsohuwar ta dube shi, ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya rufe da faifai.

"Ƙwan zabi ne, ƙanwata Kadidiya ta aiko daga Bambeye. Ga jar kazata can tana neman kwanci, ɗauke ta ka sa mata. Itacen tsohon rumbu na bayan ɗaki, ya ishe ka akurki biyu. Ka auni tiya biyu ta hatsi ka kai wa Fiddausi, ka ce daga ni, ba daga kai ba."

Ya ɗaga faifai ya ƙirga. "Sha biyu? Ashirin na ce."

"Ji wanda ba shi da ko gashin zabo yana raina ƙwai. Kazar aro ce. Gatarin ya kwana nan sai ƴaƴan baƙuwata sun tashi."

"In kin kai lokacin."

"Ni da ita za mu raka ka parti na biyar."

Ya fita da kaza a hammata yana dariya, sheƙa ta tsaya shida. Kai ma in da itace a gidanka, nemi tsohon kwando ka ɗaure a reshe mai ƙarfi kafin bazara ta kama, ka watsa ƴan kirare a ciki. Gwada bana, baɗi mu ƙirga bakwai. Hulunanka dai ka adana su nesa da katanga.