Fatihar da Ban Ɗaga Ba a Khartum

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta ranar da aka aike ni gaisuwar mutuwa Khartum na ɓuge da yi wa gwamnati wankin babban bargo ba. Ni da a lokacin ko sunan ministan noma ban sani ba.

Ƙauyenmu yana kusa da Managil, a yankin Jazira na ƙasar Sudan. Hawashar da muke nomawa, wato gonar noman ban-ruwa, ba tamu ba ce, ta wani dattijo ce, Haj Attayib. Shekara da shekaru shi da Baba suna raba amfanin gona, ba takarda ba shaida, sai amana. Da Allah Ya yi masa rasuwa a gidan babban ɗansa a Khartum, kowa a gidanmu ya san gonar tana lilo, don ɗan ne zai ce mu ci gaba ko mu tashi. Ciwon ƙafa ya hana Baba tafiya, sai aka tura ni, wai ni ne na yi sakandare.

"Ka tai ka ɗaga mishi Fatiha," in ji Baba. "Ka ce Malam Sani na gaisuwa. Kak ka yi zancen hawasha, ɗan nai da kainai za shi tuna. Ka sha shayi ka taso."

Aikin da ko yaro zai iya ke nan.

Amma ban san Khartum ba. Garin nan ba mai tambayarka ruwa ko yabanya. Kwandasta siyasa, mai shayi a gindin bishiya siyasa. Na tambayi wani hanya, sai da ya gaya mini ministan da za a kora kafin ya nuna mini kwana. Na ji ni baƙo ne lis, baƙauye kuma jahili. A cikin bas wani tsoho ya zazzage wa hukuma kwandon zagi a kan yadda aka kashe noman Jazira, mota duk ta ɗauki shewa. Na ce a raina, ashe haka ake zama mutum a nan. Na haddace jawabin tsaf.

Rumfar makokin ta tare titi guda, cike da manyan rawuna. Aka ce ɗan mamacin yana ciki, in jira. Na raɓe a kujerar ƙarshe. Duk wanda ya shigo zai ɗaga hannu, a yi Fatiha a gurguje, a koma gardamar da aka bari. Ba wanda ya ambaci mamacin. Ni ma ba wanda ya dube ni, sai wani mai tabarau da ya miƙo mini kofin da ya gama shan shayi, ko kallona bai yi ba. (Na karɓa kuwa. Har na kai masa cikin faranti.) Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Can wani ya juyo. "Bawan Allah, kai daga ina?"

"Jazira."

"Yauwa! Ga mai abin da kansa. Gaya mana, me kuke ciki?"

Da na ce ruwa ba ya isowa gona a kan lokaci, da na faɗi gaskiya na zauna lafiya. Ina! Na miƙe tsaye, na gyara jallabiyar sallata, na juye musu jawabin tsohon nan kaf: ɓarayin ma'aikata, masu manyan tumbi, waɗanda ba su san bambancin dawa da ciyawa ba. Rumfa ta yi tsit. (Na ɗauka burge su na yi, har na ƙara murya.)

Sai na lura ba ni ake kallo ba, bayana ake kallo. Na waiga. Wani mutum ne tsaye, idanunsa jajur don kuka, fuskar Haj Attayib sak. Na kusa da ni ya ja mini riga. "Babba ne a ma'aikatar da kake zagi."

"Ɗan wane ne wannan?" mutumin ya tambaya a hankali.

"Ɗan Malam Sani," na ce. "Na hawasha."

Daga can baya wani ya ce, "Har Fallata ma sun shiga siyasa!" Sunan da suke kiran irinmu Hausawan Sudan ke nan. Aka kwashe da dariya, a gidan mutuwa. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka gaishe shi," ya wuce. Ban san lokacin da na kai tasha ba.

Na tarar da Baba a kan tabarma yana shafa mai a ƙafa. Tambaya ɗaya ya yi mini.

"Ka ɗaga mishi Fatiha?"

Sai a lokacin na tuna. Na sunkuyar da kai.

Bayan girbi aka ba wani hawashar. Inna ta ce ko ban buɗe baki ba dama sayarwa za su yi, kuma wataƙila haka ne. Baba bai taɓa yi mini gorin gonar ba har ya rasu. Abin da yake maimaitawa shi ne, "Mutumin ga ya ci tuwo gidan ga, amma babu wanda yaɗ ɗaga mishi hannu cikinmu."

Yanzu in na je makoki, tun daga bakin rumfa hannuwana suna sama. In sha shayi, in tashi. Wanda ya tambaye ni ra'ayina a kan hukuma, sai in ce masa, "Allah Ya jiƙan mamaci."