Ranar da na ce wa surukina saniya

Ba zan taɓa mantawa ba da Layyar da ta zo wata biyu kafin aurena da Hadiza. Mahaifinta, Malam Garba, tsohon malamin Ingilishi ne a Kamba. Ni kuwa lakwal, wato makarantar Faransanci, na yi a Malanville ta ƙasar Benin, Ingilishina duk a bakin direbobin tirela na tsinto shi.

Malam ya aiko in zaɓa masa sa a kasuwar Gene. Na samu wani jibgege, na ɗauki hotonsa, na ce bari in nuna wa dangin amarya ba jahili za su ba 'ya ba.

A lokacin na yi imani cewa "your" na yara ne, "you're" kuwa na manya, kamar "tu" da "vous" a Faransanci. (Babu wanda ya koya mini haka. Ni na zauna na gano abina, har na koya wa mutum biyu.)

Sai na tura hoton a zauren dangi na waya, mai mutum arba'in da wani abu, na rubuta a ƙasa: "Baba, you're cow. Big stomach, big head, old small."

Nufina, ga sanka, Baba, ƙato ne, ya ɗan manyanta. Na koma gindin bishiya ina jiran yabo.

Hadiza ce ta fara kira.

"Mi Baba ya yi maka?"

"Ladabi na yi mishi."

"Ka ce mishi shi saniya ne. Mai tumbi, mai ƙaton kai."

Tumbin nan kuwa Malam yana da shi, kowa ya sani.

Washegari na hau babur na tsallaka kogi, na zube a zaurensa gaban ƙannensa uku. Bai ɗaga murya ba. Ya sa aka ɗauko allo da alli.

"Ɗana, tumbin na yarda, kan ma na yarda. Amma shekara talatin ina koyarwa, ba a cewa 'you're cow'. Sai an sa 'a'. In za ka zage ni, zage ni daidai."

Sau ashirin na rubuta "you're a cow", ƙannen suna duba mini.

An ɗaura auren. Tun daga ranar, in zan burge suruki, da Hausa nake yi. A nan ko na yi ɓaranɓarama, na san wadda na yi.