Ranar Da Na Ƙwace Gadon Mai Okada

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na yi ciwon zuciyar ƙarya ba. Ni mai sayar da goro ne a Agege ta Legas, gemuna ya riga ya yi fari, kuma abin da ke damuna a lokacin basir ne. (Yau na faɗa da bakina. A da ko maiɗakina "zafin ciki" nake ce mata.)

Na sha zuwa asibitin gwamnati in tarar da layi har bakin ƙofa, kafin a zo kaina a ce sai gobe. Ga nas tana tambayar ciwon mutum da ƙarfi, rabin benci kuma 'yan unguwarmu. Sai abokina Alhaji Tanko ya ce, "Kai ma da wauta kake. Ɓangaren gaggawa za mu. Ka dafe ƙirji ka yi ta salati, sauran ka bar min."

Haka aka yi. Bayan azahar ya shigar da ni yana ihu, ina jan ƙafa, hula a karkace. (Na iya, wallahi. Har na fara tausayin kaina.) Gadaje duk a cike. Wata nas, Bayarabiya mai Hausa kamar Bakanuwa, ta je kan wani saurayi mai okada da motar haya ta danfo ta buge, ta ce, "Ɗan'uwa, yi haƙuri ka sauka, na Baba zuciya ce." Yana riƙe da cikinsa. Wansa, wani mutumin Nijar, ya sauko da shi kan kwali, har ya ce min, "Allah ya ba da lafiya, Baba."

Na kwanta. Gadon da sauran ɗuminsa.

Aka manna min wayoyi a ƙirji, aka yi aune-aune. Likita ya ce, "Baba, zuciyarka ta fi tawa lafiya. Tsakaninka da Allah, ina ke ciwo?" Tanko, da bakinsa ba ya shiru, ya ce, "Likita, tunda dai an zo, basir ne."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi. Sai wan mai okadan ya kurma ihu, ƙanensa ya daina amsawa. Na diro da saurin da mai ciwon zuciya ba ya yi. Aka ɗora shi, aka tura gadon ciki da gudu. Na ji nas tana cewa jini ne ke zuba a cikinsa.

Na sulale da takalmi a hannu. Har yau ban san ko ya rayu ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin komawa in tambaya ba.

Abin da na gane, a makare, shi ne kunyar da na guda ta ɗan lokaci ce, da na daure na faɗa, da likita ya ba ni magani ta wuce. Wadda na ɗauko kuwa, da ita nake tsayuwa sallah.