Katunan Goggo Tabawa

Wani mutum ne a gidan rediyon garinmu, Sambo, mai gabatar da shirin tsofaffin waƙoƙi. Shi ya raɗa wa kansa Kunnen Zinare, ba wanda ya taya shi. Cika baki kuwa, abin ba a magana. "Ni fa ko barci nake, na san abin da talaka ke son ji!"

To, a gidan nan katin zaɓe ke yanke hukunci. Mai sauraro ya rubuta sunansa da unguwarsu da waƙar da yake so, ran Litinin a zazzage akwati. Waƙar da ta fi kati ita za ta sha mako. Shirin da akwatinsa ya bushe kuwa, a sallami mai shi.

Akwatin Sambo ya daɗe da bushewa ƙayau. Yo ba dole ba? Faifai ɗaya ya sani, wani tsohon kiɗan kalangu da aka ambaci kakansa a ciki. Safe shi, yamma shi. Manaja, Hajiya Larai, ta ba shi wata guda: ko kati, ko ƙofa.

Ikon Allah, sai ga katuna tuli! Rabinsu daga wata Tabawa ta Unguwar Mahauta, kullum kalangun nan take roƙo.

"Kin gani ko, ranki ya daɗe? Mata har kuka suke in na sa shi."

Ran Laraba Hajiya ta ce ya shigo mota, za a kai wa gwarzuwar masu sauraro kyautar rediyo, kai tsaye, gari na ji. Gogan naka ya karkace hula yana ta zuba. Sai da mota ta karya kwanar lungunsu ya gane inda aka dosa.

"Hajiya, na ji kamar an ce matar nan ta yi tafiya."

"Ba ita ce can take tankaɗe a zaure ba?"

Goggonsa ce fa, wadda ta raine shi, gida ɗaya suke. Sambo na ta ƙifta mata ido, ita ko ta ce, "Kai, me ya faɗa maka a ido?"

Hajiya ta miƙa mata makirfo. "Baba, mun gode da katunanki."

"Wane kati? 'Yar nan, ni ko alif ban sani ba. Au, ko takardun nan da Sambo ke zama yana rubutawa da hagu, yana gumi? Na ɗauka laya ce."

Sambo ya yi tsuru-tsuru. Hajiya ta danne dariya da ƙyar. "To, amma dai kina sauraron shirinsa?"

"Sosai ma! Shirin yaron nan yana da amfani, Allah ya yi masa albarka. Da na ji muryarsa sai in kashe rediyo, batir ya huta."