Rasuwar Eriyar Bakin Taga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da bai huce ba tukuna, tsohuwar malamar kimiyya ta gidan ƙarshen layi tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar eriyar rediyonta, wadda ta cika ranar Litinin da hantsi, tana da shekara goma sha ɗaya a bakin aiki.

Marigayiyar ba 'yar kanti ba ce. Wayar tagulla ce mita ashirin, wadda Malama ta ɗaura da hannunta daga ƙusar taga zuwa reshen mangwaron tsakar gida, a shekarar da autarta ta samu aikin karanta labarai a wata tasha mai nisan gaske. Kullum ƙarfe biyar na yamma sai a ji shuuu, a ji ƙyarrr, kamar mai gyaran murya, sannan ta kawo muryar Auta har bakin gado, tar da ita, har Malama kan gane ranar da yarinyar ke mura. Ruwa ya dake ta, tsuntsaye sun ɓata ta, an sha shanya mata zane ba da izini ba. Ko sau ɗaya ba ta yi fashi ba.

Ba jinya ta yi ba, hannu aka sa mata. Babban ɗan Malama, wanda ake kira Injiniya tun ranar da ya taɓa gyara fanka, ya zo gida Malama tana wurin awon ido. Ya ce wayar tana zubar da mutuncin gida, ya sa filaya ya datse ta gida uku, ya kafa wata mai ƙyalli da ya ciro daga kwali, wai ita duniya ke yayi. Malama ta karanta jikin kwalin, abin da shi bai yi ba: ta talabijin ce. Shekara talatin tana koya wa 'ya'yan mutane cewa gajeren zango doguwar waya yake so, ashe na cikin gida bai ji ba. Tun ranar tasha ɗaya ake kamawa, ta cikin gari, mai tallar maganin basir.

Ta rasu ta bar rediyo mai ƙyauren kaset ɗaya da aka ɗaure batirinsa da roba, da ƙusa, da mangwaro, da uwa mai zaman jiran biyar.

Ana roƙon masu ta'aziyya kada su ƙara cewa ai sai a buga wa Auta. An buga. “Mama, ina aiki, zan kira,” shi ke nan. A rediyo ne kawai take minti goma cur ba ta gaggawa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar ƙarfe huɗu. An riga an nannaɗe gawar cikin kwalin mai ƙyallin, ya dai yi amfani ɗaya. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai, ban da Injiniya: ya taho da tsani da tagulla mita ashirin, kuma shi zai hau mangwaron da ƙafarsa. A watse kafin biyar. Malama ba ta karɓar gaisuwa lokacin labarai.